Tabarmar Guzurina da Sunan Wata

Malamar da ta koya mani karatu da rubutu ita ce ta ɗauke aikin hannuna ta sa sunanta a kai. Na faɗa, kuma ba zan nemi afuwar kowa don na faɗa ba. Masu cewa bai kamata ɗaliba ta buɗe baki a kan malamarta ba, na ji su. Shekara arba'in da wani abu na yi ina rufe baki, na san abin da yake jawowa.

Ni mutuniyar Dutsin-Ma ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. Sana'ata ɗinki, da keken ƙafa da na gada wurin innata. Mijina manomin rani ne a bakin dam ɗin Zobe, tumatir da albasa da tattasai. Ban taɓa zama a aji ba sai bayan babbar ɗiyata ta yi haihuwar fari, kuma ba wani dogon buri ya kai ni ba. Awo nake rikitawa. Mace ta kawo atamfa, in auna ta da igiya in yi ƙulli, kwana biyu igiyoyin su cakuɗe, in ɗinka wa siririya rigar mai jiki. Da na gaji da jin gori sai na ce bari in je yaƙi da jahilci in koyi lamba ko da ita kaɗai ce.

Malama daga Kurfi take zuwa, sau biyu a mako, bayan la'asar, a wani ajin firamare da yara suka tashi. Na girme ta da kusan shekara goma. Ba zan rage mata komai ba. Ita ta riƙa hannuna har na iya jan baƙi, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mani dariya ba, ko ranar da na rubuta sunana a juye. In ruwa ya hana mu zuwa, har gida take bin mu da aiki. Shekara uku muka yi da ita. Na fito ina karanta Hausa ba gargada, ina rubuta wasiƙa, Turanci kuwa sai 'yan kalmomin da ake gani a allunan shaguna. Ko goron salla na samu sai na raba biyu na aika mata Kurfi.

Ita ce kuma ta kai sunana lokacin da aka nemi matan da za su taimaka wajen binciken kayan maniyyata a filin jirgi, can birni. Aikin ɗan lokaci ne, na jigilar alhazai kawai, ana son mace mai hankali wadda za ta iya karanta lambar jaka. Mijina ya ce in je, ai tumatir ba ya gudu. Haka na yi shekara uku ina zuwa, duk lokacin tafiya Makka.

Ga yadda aikin yake. Jaka takan hau wani bel mai tafiya ta shige cikin na'ura, hoton abin da ke cikinta ya fito a allo kamar talabijin. Wata yarinya da ta yi kwas ɗin abin ita ke zaune gaban allon. In ta ga abin da ba ta gane ba sai ta ɗaga hannu, ni kuma in janye jakar zuwa tebur, in kira mai ita, in buɗe a gabanta. Aikina ke nan: buɗewa da mayarwa. Amma da yake tsayuwata a bayan yarinyar take, idona kullum yana kan allon, har na fara ganewa. Kayan abinci da tufafi launin ruwan goro suke fitowa. Ƙarfe shuɗi. Abin da ya yi kauri da yawa kuwa, ko aka cusa shi cikin ƙarfe, baƙi ƙirin yake fitowa kamar gindin tukunya, ba a ganin komai. Na'urar ba ta da laifi, yarinyar ma ba ta da laifi. Abin da ido bai gani ba dole hannu ya taɓa, jirgi ba motar kasuwa ba ce.

To mu kuma matanmu, kowa ya san yadda muke haɗa guzuri. Yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, ƙuli-ƙuli, kowanne a ƙulle cikin leda biyu ko uku, a danna su cikin langa, a rufe, a ɗaure da tsohon ɗankwali, a tura tsakiyar zannuwa don kada ya fashe. Haka iyayenmu ke yi in za su ganin gida, haka muka tashi muka gani. A allon kuwa langar nan dunƙulen baƙi ce. Sai a buɗe. Ƙullin da tsohuwa ta ɗaure da haƙori ba ya kwantuwa da yatsa, sai reza. In reza ta taɓa ledar yaji, layi gaba ɗaya ya kama atishawa, maza na can suna tari suna tambayar wa ya kawo masu barkono filin jirgi. Jaka guda takan ci lokacin jaka goma.

A shekarata ta farko aka kawo mani jakar wata tsohuwa daga Shema. Na san ta, tana kawo daddawa kasuwarmu. Langa uku ta jera. Kafin in kai gare su sai da na fito da duk abin da ke sama, har tufafin da mace ba ta so a gani, a kan tebur, mutane na wucewa. Na yanka ƙullin farko, kukar ta zube cikin yajin. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsaya tana tattara garin da gefen hannu, ta ce mani tun kaka take tanadinsa, don an gaya mata abincin can ba ya karɓar tsofaffi. Sannan ta ce, a hankali, "Ɗiyata, ke ma?" Na mayar mata da kayan yadda na iya, hannuna duk ja. Ranar ban ci abincin rana ba.

Da na dawo gida abin bai bar ni ba. Wata rana na kai wa mijina abinci gona, na tarar ana shanya tumatir yankakke a kan buhuna, kowane ɓari a kwance shi kaɗai, kana tsaye kana ganin mai kyau da ruɓaɓɓe. Nan tunanin ya zo mani. Matsalar ba kukar ba ce, tarin ne. In aka shimfiɗa kayan ba a dunƙule ba, kuma ba ƙarfe a kusa, na'ura za ta gani, mutum ma zai gani ba sai ya yanka ba.

Na sayo leda mai kauri, fara tas, irin wadda ake rufe katifa da ita. Na ɗinka aljihuna a jere kamar fangalin albasa a gonar rani. Na farko bai yi ba, garin yaji yana bin ramin allura yana fita. Na biyu ledar ta yage a bakin ɗinkin. Sai na tuna yadda masu ƙulla gishiri ke liƙe leda da kyandir, na riƙa liƙe kowane aljihu da wuƙa mai zafi tukuna, sannan in bi gefen da ƙyalle in kalmashe. Ban sa zif ba, ban sa maɓallin ƙarfe ba, murfi ne na leda da ake naɗewa a ɗaure da igiyar ƙyalle. Na rubuta sunan kowane abu a bakin aljihunsa da hannuna. Wata huɗu ina ɓata leda, mijina yana cewa kuɗin takinsa ne nake ƙonawa da wuƙa.

Da lokacin tafiya ya zagayo na tafi da guda uku. Shugabarmu ta ɓangaren mata, wata Hajiya mai faɗa amma mai adalci, ta ba ni izini in gwada da safe kafin maniyyata su iso. Wanda na cika tam ya fito da duhu-duhu. Wanda na cika rabi ya fito sarai, har ana bambanta ƙuli-ƙuli da daddawa. Muka yi ta ragewa muna ƙarawa ni da yarinyar allon, har muka tsaya a kan kaurin yatsa biyu. Ya wuce haka, hoto ya fara dushewa. Kuma ba a naɗe shi kamar tabarmar salla, ninki ɗaya ake yi a ɗora a saman kaya. Yarinyar ta ce, "Inna, wannan kamar an buɗe mani littafi." Hajiya ta jujjuya shi ta ce ashe kan tela ba zare kaɗai ke ciki ba. A shekara ta uku matan unguwarmu da na Shema da za su tafi duk na ɗinka masu, su suka sa mashi suna tabarmar guzuri. Ina tsaye ina kallon jakunkunansu na wucewa ba a ɗaga hannu ba.

Wa zan fara nuna wa in ba Malama ba? Har Kurfi na kai mata guda, da kuka da yaji a ciki. Ta yi murna, na ga murnar a fuskarta, kuma har yau na yarda ta gaskiya ce a ranar.

Bayan wasu watanni ta zo gidana da labari. Ta ga sanarwa an liƙa, wata ƙungiya tana ba da tallafi ga masu sababbin dabarun da za su sauƙaƙa binciken fasinja da kaya a filayen jirgi. Yawanci masu ƙera na'urori ake nema, in ji ta, injiniyoyi da malaman jami'a, amma akwai wani ɗan kaso da aka ware wa dabarun gida masu araha. Fom ɗin da Turanci yake, shafi da yawa. Ta ce in bar mata, ita za ta cika mana. Kalmar da ta faɗa ke nan, mana. Ta zauna a kan tabarma tana tambayata ina ba ta amsa, ta ɗauki hotuna da wayarta, ta tafi da tabarmar guzuri biyu. Ban ce ta nuna mani fom ɗin ba. Yaya za a yi in ce wa wadda ta koya mani baƙi ta kawo in duba abin da ta rubuta? Ko a raina tunanin bai zo ba.

Sai ga saƙo cewa masu tallafin za su turo mutum uku su ga aikin da idonsu, kuma a inda ake yin sa, wato gidana. Malama ta zo kwana biyu kafin ranar. Ta ce manyan baƙi ne daga nesa, kada mu ji kunya. Ta ce in yi masu tuwon shinkafa da miyar kifin Zobe, irin wadda na iya, ita za ta tare su a zaure ta fara yi masu bayani da Turanci kafin in gama. Ta sa aka fito da kekena aka kai zauren, aka shimfiɗa darduma, aka jera tabarmin guzuri a kai.

A wurinmu baƙo ya shigo gidanka, abin da za a fara tambaya bayan ya tafi shi ne me ya ci. Ba wadda za ta bar girkin manyan baƙi a hannun wata, kuma ba matar gidan da za ta je ta baje a zaure cikin baƙin maza tukunya na kan wuta. Malama ta san wannan kamar yadda na sani, ita ma 'yar ƙasar nan ce. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce ta rufa mani asiri da Turancinta.

Suka iso da hantsi, maza biyu da mace ɗaya. Madafata bango ɗaya ya raba ta da zaure, ina jin maganarsu sama-sama. Macen Bahaushiya ce, takan koma Hausa jefi-jefi. Na ji ta tambaya me ya sa aljihunan ba su da zurfi, me ya sa yatsa biyu. Na ji Malama ta ce wai don kada jaka ta yi nauyi. Wallahi muciya na hannuna, bakina ya buɗe zan ɗaga murya in ce ba haka ba ne, na'ura ce ba ta gani in ya wuce haka. Amma lokacin na zuba gari, in na saki tuƙin tuwon zai yi gudaji. Na ci gaba da tuƙi. Na ce a raina in na kai abinci zan gyara mata.

Na kai abincin da kaina, na durƙusa na gaishe su. Malama ta ce masu ga Inna mai ɗinkin. Ɗaya daga cikin mazan, mai littafi a hannu, ya tambaye ni ta bakin macen, wai ni da Malama wa ya kawo wannan tunani. Malama na zaune, idonta a kaina. Na ba da amsar da kowace mai tarbiyya za ta ba da a gaban malamarta.

"Ai duk albarkacin Malama ne, ranka ya daɗe. Ba don ita ba da ban san komai ba."

Macen ta juya mashi, ya rubuta. Na gan shi yana rubutawa. Na ɗauka ladabina ne ya burge shi. Maganar yatsa biyu kuwa ban tayar ba, don in na gyara a lokacin na kunyata Malama gaban baƙi. Suka ci, suka yaba miyar ƙwarai, har mai littafin ya nemi ƙari. Da za su tafi na ƙulla masu daddawa da busasshen kifi, na raka su har bakin mota ina godiya.

Aka yi wata uku shiru. Sai wata rana Malama ta zo da mota a-kori-kura, aka sauke mani manyan naɗin leda guda shida da dilar ƙyalle. Ta ce alhamdu lillahi an ba mu, za a gwada tabarmar a filin jirgi a tafiyar bana, ana son ɗari biyu kafin azumi ya wuce, za ta riƙa biyana a kan kowace guda. Na yi guɗa a tsakar gida. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa za a biya ni a kan guda kamar wadda aka kawo wa ɗinkin anko ba. Mijina ne ya ɗaga kai daga gyaran buhunansa ya dubi ledar, ya dube ni, ya koma kan aikinsa.

Na ɗinka biyar na gwaji da sabuwar ledar, ranar kasuwar Kurfi na ɗauka na kai mata ta gani. Na tarar tana wanka, aka ce in shiga ɗaki in jira. A bangon ɗakin, sama da kujera, ga sabon firem da takarda mai hatimi a ciki. A kan tebur kuma ga wani ɗan littafi mai sheƙi, da hoton zaurena a shafinsa. Malama ce a tsakiya riƙe da tabarmar guzuri, baƙin na kewaye da ita, kekena a gefe. Ni ma ina ciki. Bayana ne ya fito, na sunkuya ina ajiye tire.

Turancina kaɗan ne, amma suna ba ya buƙatar Turanci. Na sa yatsa na bi takardar firem ɗin layi-layi, yadda ta koya mani. Sunanta ne da manyan baƙaƙe, shi kaɗai. Na buɗe littafin na bi shafin da ke da hoton. Sunanta sau huɗu. Nawa na same shi can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, a gefensa kalmar nan da ake rubutawa a allon shagon teloli. Ita na sani sarai.

Ta shigo tana ɗaura ɗankwali, ta gan ni da littafin a hannu. Muka gaisa, har gida da yara, don ban iya tsallake gaisuwa ba ko a wannan hali. Sannan na ce ta karanta mani shafin da Hausa. Ta ce ai bayanin aikin ne kawai. Na ce ta karanta. Ta zauna, ba ta karanta ba, ta fara bayani. Wai masu tallafin sai mai takardar shaidar karatu suke ba, sai mai asusun banki na ƙungiya, sai wanda zai iya tsayawa gaban manya ya yi jawabi da Turanci. Wai da ta sa sunana da tun a zagayen farko an jefar da fom ɗin, da ba ni ba ita. Wai ita ta yi ta zirga-zirga, ita ta kwana kan takardu. Wasu daga cikin maganganun nan gaskiya ne, ban musa ba.

Na ce to, shafin ya ce wa ya ƙirƙiro?

Ta ce, "Inna, ke da bakinki kika gaya masu. Suna da shi a rubuce."

"Gaisuwa na yi maki, Malama. Kin san gaisuwa ce."

"Su ba su san gaisuwa ba. Abin da aka faɗa suke rubutawa."

"Ke kin sani. Kina zaune."

Ta kau da kai tana gyara zanen kujera. Na tambaye ta tuwon fa, da ta ce in yi, ta san za a yi tambayoyin ina madafa? Ta ce kada in mayar da alheri sharri, wa ya kai ni filin jirgin tun farko, wa ya sa alƙalami a hannuna. Na ce ita ce, kuma ko gaban Allah zan faɗa. Sai na yi mata tambayar da ta fi ci mani rai. Na ce me ya hana ta zo ta zaunar da ni ta ce, Inna, ga yadda dokarsu take, sunana zan sa a gaba amma zan rubuta cewa dabararki ce.

Ta ce, "Da na faɗa maki, da kin yarda?"

"Da na yarda. Da hannu biyu."

Ta san gaskiya na faɗa. Da ta roƙa da na ba ta. Ta gwammace ta ɗauka ina tuƙa tuwo, don ta auna ni ta ga ba zan taɓa dubawa ba, in ma na duba ba zan iya magana ba. Shekara uku tana gaya mana a aji cewa mai karatu ba a cutarsa da takarda, ashe a ranta ba ta taɓa ɗaukata mai karatu ba.

Da na miƙe ta biyo ni har zaure, muryarta ta yi laushi. Ta ce a bar wa Allah, a gama ɗari biyun tukuna, in an ga nasara za ta san yadda za ta shigar da ni a zagaye na gaba. Ta ce in aikin ya tsaya ita za a kama, don ita ta sa hannu. Ta ce ko don tsofaffin nan da ake zubar wa kuka. Nan ta taɓa inda ke mani ciwo, kuma ta san ta taɓa. Na bar mata guda biyar ɗin a kan kujera, na fito. Ko kasuwar ban shiga ba.

A mota ina ta juya maganar. In na ƙi ɗinki, za ta kai wa wani tela, ya cika aljihu ya zurfafa, ya sa zif don ya yi kyau, a kai filin jirgi hoto ya fito baƙi, a ce dabarar banza ce a watsar. In na ɗinka, tabarmar ta yi aiki, ta zama tata har abada, ni kuma in zama mai miyar kifi. Ban ga hanya ta uku ba sai da muka shigo Dutsin-Ma.

Na gaya wa mijina komai bayan la'asar. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, amma ita wannan kurar ita ta dafa wa gardin abinci. Na ce ba dariya na zo nema ba. Ya ce ya sani. Ya ce mutanen gari za su ce na yi butulci, in shirya wa wannan. Na ce na shirya. Ya tambaye ni wa ya ga farkon abin ban da shi, tunda shaidar miji ba ta da nauyi. Na ce Hajiya shugabarmu ta gani, yarinyar allon ma ta gani, da hannunta muka tsayar da yatsa biyu tun Malama ba ta san da zancen ba.

Na ɗauko littafin awona na yago takarda daga tsakiya. Da Hausa na rubuta, tunda macen nan da ta zo tana jin Hausa. Na faɗi yadda abin ya fara, da ledar da na ɓata, da dalilin yatsa biyu na gaskiya, da dalilin da ya sa ba a sa zif. Na rubuta cewa abin da na faɗa ranar da suka zo ladabi ne irin namu, ba shaida ba ce. Na rubuta cewa Malama ta koya mani karatu kuma ita ta cika fom, a ba ta ladan wannan, ba na neman a ƙwace mata komai nata. Na ce a shirye nake in ɗinka ɗari biyun, har fiye, ranar da aka rubuta sunana a inda ya dace. Sau uku ina sakewa saboda kurakurai. Ta ukun ma akwai gogewa a ciki, na bar ta haka. Kafin a kira magariba na gama, na bar wuri a ƙasa inda Hajiya da yarinyar za su sa hannu in sun yarda. Ban san ko za su yarda ba. Ban ma san inda ake kai takardar ba, na dai san Hajiya za ta sani.

Washegari bayan na yi sallar asuba na karya, na sa aka kai mani naɗin ledar da dilar ƙyallen tasha. Na shiga motar birni da ke bi ta Kurfi, na roƙi direban ya ɗan ratse unguwar su Malama, ya ce Inna za ki ɓata mani lodi, na ce minti biyar. Ƙofar gidan a rufe take. Muka jingine ledar a bangon zaure, shida cif, ɗaya kawai aka taɓa. Maƙwabciyarta na shara a ƙofar gida, na gaishe ta, na ce in Malama ta fito ta gaya mata Inna ta kawo kayanta, ta wuce birni wurin Hajiya, kuma ba a ɓoye ta tafi ba. Na koma mota na zauna, takardar na cikin jakata, na ce wa direban mu tafi.